Danshin Ya Kai Ina?

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, dangin matarsa sun sha mamaki. Su mutanen cikin birni ne, gidan malamai da ma'aikatan gwamnati, kuma iyakar abin da suka sani game da surukin nasu shi ne foman ne a wata masaƙar buhu da ke Sharaɗa, mutum marar magana a taron biki. Tabarma shida suka shimfiɗa a ƙofar gidansa a Na'ibawa, suna ganin har za a yi saura. Kafin la'asar an aro na masallaci, an aro na maƙwabta, wasu kuma a kan takalmansu suka zauna.

Rukuni-rukuni mutanen suke zuwa, daidai da lokacin tashi daga aiki. 'Yan aikin safe na kamfaninmu suka iso da guntayen zaren buhu a gashinsu. 'Yan jima suka zo daga Challawa, kowa ya san su da warin fata tun kafin su yi sallama. Wasu daga Bompai suka taho, waɗanda ni kaina ban taɓa ganinsu ba. Kowa zai durƙusa ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Sai a shafa, can ka ji wani ya karkata wajen na kusa da shi.

"An yi a wajenku?"

"Yayyafi aka yi shekaranjiya. Ku fa?"

"Mu har yanzu sai dai hadari."

Ƙanin matar Kawu, wanda ke aiki a sakatariya, ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Wai ni kam, ta'aziyya mutanen nan suka zo ko taron manoma?"

Raina ya ɓaci, amma ban tanka ba, domin ya girme ni kuma ba wurin gardama ba ne. Tun ranar maganar take cina. Wannan rubutun shi ne amsar da ban ba shi ba, kuma ba da faɗa nake bayar da ita ba. Ina so ne 'ya'yan Kawu da jikokinsa su san abin da ya tara mutanen nan a ƙofar gidansu.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Shi ya ɗauko ni daga ƙauyenmu da ke arewa da Gumel, ya tsaya mini aka ɗauke ni aiki, ya koya mini ɗaura zare idan ya tsinke ba tare da inji ya cinye mini yatsa ba. Shekara goma sha ɗaya ina ƙarƙashinsa, bai taɓa yaba mini a gabana ba. In na yi daidai sai ya ce, "To, ba ka ɓata ba." Sai bayan rasuwarsa na ji cewa a gida yana cika baki da ni har ana gajiya da saurare.

Yawancin masu tsayawa a kan inji a Sharaɗa, jikinsu ne kawai a Kano. Albashi yana sayen sabulu da magani da littafin yara, amma tuwon da iyali za su ci shekara daga rumbu yake fitowa. Kawu ya ce a da kamfani yana da makon da aka sani na hutun shuka, saboda ruwa yana cika alƙawari. Daga baya ruwa ya daina. Mutum zai karɓi hutu, ya je ƙauye ya zauna gindin bishiya yana kallon sama har kwanakinsa su ƙare, ya dawo Kano, washegari a kira shi a ce an kwana ana ruwa. In ya ce zai sake komawa, ga dokar kamfani: kwana uku ba ka kan injinka, ba wanda ya riƙe maka, mai gadi ba zai ƙara buɗe maka ƙofa ba. Mutane da yawa sun zaɓi gona sun rasa aiki, wasu sun zaɓi aiki sun sayi hatsi da tsada.

Abin da Kawu ya lura da shi kowa ya san shi, amma ba wanda ya yi tunanin amfani da shi. Ruwa daga kudu yake tahowa. Yana sauka a Doguwa da Tudun Wada tun mutanen Gumel da Damagaram ba su gama gyaran gona ba. Sai ya samo bayan wani kwali ya rubuta sunayenmu da ajami, mutanen kudu a ƙasa, na arewa a sama, ya haɗa kowane mutum da abokin canji daga ɗaya ɓangaren. In ruwa ya sauka a kudu, ɗan kudu ya tafi kwana huɗu, ɗan arewa ya haɗa aikin safe da na yamma. In ruwan ya hauro, sai a juya. Manaja ya jujjuya kwalin, bai iya karanta ko harafi ɗaya ba, ya ce ya yarda da sharaɗi guda: ranar da ya ga inji a kashe don babu mutum, ranar za a yaga kwalin. Daga baya wasu kamfanonin suka ji labari, fomanoninsu suka riƙa zuwa Kawu yana nuna musu yadda ake haɗawa.

Da damina ta kusa, Kawu ba ya zama mutum. Yana da wata 'yar waya mai tocila, ɗaure da kyauro, wadda 'ya'yansa suka yi ta roƙo ya bari a canza masa ya ƙi. Yana cin abinci tana ruri, yana alwala tana ruri. Kuma ba ya karɓar labarin ruwa daga bakin namiji.

"Maza ƙarya suke mini," in ji shi. "Ɗigo uku ya sauka su ce kogi ya kawo, don dai ɗansu ya zo gida ya kawo tsaraba. A ba ni tsohuwa."

Da haka ya san muryar iyayen rabin kamfanin, ya san wacce ke ciwon gwiwa, ya san wacce ba ta ji sai an ɗaga murya. Matarsa, Hajiya, haihuwar birni ce, ba ta taɓa riƙe fartanya ba, kuma ba ta gajiya da tsokanarsa.

"Malam, kai da ko tukunyar fulawa ba ka da ita a gidan nan, ka fi mai gona goma damuwa da hadari."

"Gonakina sun fi saba'in, Hajiya, ke ce dai ba ki zagaya ba."

"To a kawo mini zakkar."

Sai ya yi dariyar nan tasa da ba ta da sauti, kafaɗu kawai ke motsi.

Ba zan ce bai taɓa kuskure ba, domin a kaina ya yi mafi girmansa. Akwai shekara biyu a jere da ruwan farko ya yaudari mutane: aka yi shuka, ta tsiro, sama ta ɗauke sati uku, komai ya ƙone. Sai Kawu ya kafa doka cewa ba mai tafiya a ruwan farko, sai na biyu. A shekara ta uku aka yi ruwa a garinmu, Inna, mahaifiyata, ta kira shi da kanta.

"Yaya, wannan ruwan na gaske ne. Na tura hannu a gona har wuyan hannu, danshi ne. Ka sako mini yaron nan."

"Ki yi haƙuri, na farko ne. A jira na biyu."

Na same shi a ofis na ce, "Kawu, ku bar ni in tafi, Inna ba ta faɗin abin da ba ta gani ba." Ya ce in ya karya doka saboda ɗan ƙanwarsa, gobe da wane baki zai hana wani? Na biyun bai zo ba sai bayan kwana goma sha tara. Waɗanda suka shuka a na farko, geronsu ya riƙe saboda ƙasa ta sha sosai. Mu muka shuka a makare, ruwa kuma ya ɗauke da wuri, geronmu ya fitar da kai amma babu ƙwaya. Abin da muka girbe a shekarar bai kai mu tsakiyar rani ba.

Na yi fushi, kuma ni in na yi fushi ba na iya ɓoyewa. Ban daina gaishe shi ba, Allah ya kiyaye, amma gaisuwa ce busasshiya, ina yi ina kallon bango. Na daina zuwa gidansa cin tuwon Juma'a. Hajiya ta aiko a tambaya ko lafiya, na ce aiki ne ya yi yawa, alhali mijinta ne ke raba aikin.

Wata biyu muna haka. Ran nan da hantsi, ina hutu, sai ga shi a ƙofar ɗakin da nake haya, a bayan wani mai kura da ya ɗauko buhun gero biyu. Bai shiga ba, a bakin ƙofa ya tsuguna.

"Ka kai wa uwarka. Kuma ka gaya mata ita ce da gaskiya. Ni na ji tsoro, na bar tsoron ya yi mini lissafi, ita kuwa ta tura hannu a ƙasa."

Ban taɓa jin babba ya faɗi irin wannan maganar ga na ƙasa da shi ba, sai na rasa inda zan sa idona. Ya ɗan jima yana zane a ƙasa da tsinke, sannan ya gaya mini abin da Inna ba ta taɓa gaya mini ba. Ya ce suna yara aka yi wata shekarar yunwa, har ranar da mahaifiyarsu ta sauko da ƙwaryar iri daga rataye, ta daka, ta dama musu kunu.

"Mun sha, mun ƙoshi, muna murna. Ita ko ba ta sha ba, tana zaune tana kallonmu. Da ruwa ya sauka ba mu da abin shukawa. Shekarar na taho Kano, ban ƙara yin noma ba." Ya miƙe yana karkaɗe riga. "Shi ya sa ka ga ina haukan nan. Ka zo cin tuwo ranar Juma'a, Hajiya ta ishe ni da tambaya."

Daga wannan shekarar ya soke dokar ruwan farko. Ya ce shi yanzu ba ruwansa da na farko ko na biyar, hannu kawai ya sani. Duk tsohuwar da ya kira, tambaya ɗaya ce: "Danshin ya kai ina?" In ya tsaya a yatsu, a jira. In ya rufe tafin hannu, a shirya. In ya kai wuyan hannu, ko mutum yana tsakiyar cin abinci sai ya tashe shi ya tafi tasha. Tambayar ta zama abin tsokana a kamfani, har in mutum ya jiƙa gari da ruwa sai wani ya leƙo kwanon ya yi masa ita.

Bai tsaya nan ba. Ya bi 'yan Nijar ɗinmu ɗaya bayan ɗaya, su da suka riga mu sanin gajeriyar damina, har wani ya kawo masa irin gero mai saurin nuna a ƙullin tsumma. Ya ƙirga ƙwaya ashirin ya jera a kan jiƙaƙƙen buhu a tagar ofis, kullum sai ya leƙa kamar mai jinya. Da goma sha takwas suka tsiro, ya fara rabawa da gwangwanin madara, kowa ɗaya, in ka girbe ka kawo biyu a ba wani. A wurin su kuma ya koyo haƙa ƙananan ramuka a fako, a zuba taki, ruwa ya taru a ciki maimakon ya gudu. Mutumin da bai riƙe fartanya ba shekara arba'in, shi ne zai tsuguna a bayan katangar kamfani yana nuna wa manoma zurfin rami, suna ta yi masa dariya suna kuma kwaikwaya.

Abu ɗaya da ban yafe masa da wuri ba shi ne abokin canjin da ya haɗa ni da shi. Ɗan Doguwa muke ce masa. Mutum ne mai daɗin zama, mai barkwanci, amma in ya je gida sai ya manta hanyar Kano. Bara kwana huɗunsa suka zama bakwai, na yi aiki biyu-biyu har ƙafafuna suka kumbura, ranar ƙarshe Kawu da furfurarsa ya karɓe ni ya tsaya a kan injin. Na ce, "Kawu, don Allah ku canza mini mutum." Ya ce, "In na ba shi wani, korarsa za a yi, yana da 'ya'ya shida. Kai kana da baki amma kana da haƙuri. Ku zauna." Da Ɗan Doguwa ya dawo, Kawu ya shiga da shi ofis ya rufe ƙofa. Ban san me ya gaya masa ba, na dai ga ya fito yana goge ido da hula.

Bana ruwa ya sauka a Doguwa, ya tafi, na riƙe masa. Ranar da kwana huɗunsa suka cika, ranar Kawu ya faɗi a bakin famfo yana alwalar azahar. Kwana biyu ya yi a asibiti, bai ƙara magana ba. Allah ya karɓi abinsa da safiyar Talata, kwalin yana ninke a aljihun rigar aikinsa.

Ɗan Doguwa bai dawo ba, wayarsa a kashe. 'Yan Nijar biyu suka raba injinansa da nawa don in zauna makoki, amma su ma nasu ruwan yana hanya. Manaja ya zo ta'aziyya, mutumin kirki, ya yi addu'a mai tsawo, da na raka shi mota ya ce mini a hankali, "Sharaɗin nan yana nan fa." Inna ta taho Kano makokin yayanta, ba kowa a gonarmu. Irin da ya rage mana kuwa tiya uku ne cak, wanda ta adana cikin toka, domin bara ba mu samu da yawa ba.

Da safiyar addu'ar uku maƙwabcinmu na ƙauye ya kira ya ce an yi ruwa, ruwa sosai, kowa ya fita shuka. Na zauna a kan tabarma ina amsa gaisuwa. In na tafi babu mai riƙe mini, na rasa aiki, kuma na jawo an yaga kwalin Kawu tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. In na zauna, na san abin da makara take haifarwa, na taɓa ci. Na zagi Ɗan Doguwa a zuciyata zagin da ba zan rubuta a nan ba.

Ana shafa addu'a sai ga shi, wandonsa duk taɓo, idanu jajur. Waya ta faɗa masa a ruwa, sai jiya labari ya same shi a kasuwa. Ya durƙusa gaban 'ya'yan Kawu ya fashe da kuka kamar yaro. Da ya natsu ya matso kusa da ni, ya ɗaga babbar rigarsa kaɗan, na ga rigar aiki a ciki.

"Na ji an yi a wajenku. Tashi ka tafi."

Na ce ina zan tafi ana zaman makoki, mutane su ce me? Ashe Hajiya ta ji daga soro. Ta aiko aka kira ni, na same ta cikin mayafin takaba, Inna a gefenta.

"Ɗan nan, shekara nawa ina jin wayar nan tana hana ni barcin rana? In ka zauna a nan saboda shi, wallahi ba ka san shi ba. Ɗauki jakarka."

La'asar ta yi mini a gona. Maƙwabta duk sun duƙa, ana ta sara ana jefa iri. Na ajiye ƙwaryar irinmu, na tsuguna, na tura hannu a ƙasa. Yatsuna suka shige cikin sanyi, kafin tafin hannu ya shiga sai na ji busasshen rairayi. Na matsa gaba na sake, na je ƙarshen gona na sake. Duk ɗaya.

Na kwana uku ina kallon sama. Maƙwabcin yana wucewa yana cewa, "Ɗan birni, ka zo hutu ne?" Rana ta huɗu da safe, ranar da ya kamata in koma, na ɗauki ƙwaryar na tafi gona da niyyar in shuka kawai in bar wa Allah. Na san in ta tsiro ta ƙone babu wani irin, amma na san kuma wanda na baro a kan injina, ban ga yadda za a yi ya ƙara ko yini ɗaya yana aiki biyu ba. Na ɗaga sungumi ke nan waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Ƙarar injuna na fara ji, sannan muryar Ɗan Doguwa yana ihu a kanta da wayar aro.

"Kana gona?"

"Ina gona."

"Danshin ya kai ina?"

Tun ranar Talata ban yi kuka ba, ni na shiga kabari na karɓe shi ido a bushe, sai a nan, tsakiyar gona, da sungumi a hannu. Da ƙyar na ce, "Yatsu."

"To kada ka kuskura ka zuba irin nan. Zauna. Ina kan injinka."

"Kwanakina sun ƙare."

"Na ce ina kan injinka. Ko goma ne. Kwalin yana wurin Hajiya, ta ce duk wanda ya yi wasa ita zai gani."

Kwana uku ya ƙara yana haɗa safe da yamma. A na ukun aka yi ruwa tun hantsi har azahar, na tura hannu ya nutse har wuyan hannu. Na shuka tiya ukun nan a yini biyu, shi kuwa yana kan injina har na dawo. Maƙwabta da dama sai da suka sake shuka, wanda ya kira ni ɗan birni ma ya aiko neman ragowar iri, ban da shi, sai da na dawo Kano na karɓo masa gwangwani biyu a wurin 'yan Nijar.

Yanzu da nake wannan rubutu geron ya fitar da kai, Inna ta ce ƙwaya ta fara cika. Mutanen da suka cika ƙofar gida ran nan suna tambayar juna ruwa, ta'aziyya suka zo, irin wadda suka san mamacin zai gane.

Allah ka san bawanka ya taɓa shan kunun iri yana yaro, ya ƙare rayuwarsa yana tsare na wasu. Ka yafe masa kurakuransa kamar yadda ya iya tsugunawa ya amsa su. Ka sanyaya masa ƙasar da muka rufa masa, ka sa danshin rahamarka ya kai inda yake.